Gobe Safiya Ce

Karatu: Fitowa 16:13-21, Matiyu 6:25-34

Mahaifina bai yi nisa a karatun boko ba, amma littattafai biyu da suka fito daga hannunsa suna kan teburina har yau. Na farko Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, tsohuwar fassarar nan ta 1932, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zaren buhu har sau uku. Na biyun na Turanci ne, fassarar Sarki James, wanda ya saya da kuɗin gyaɗa a hannun wani mai tallar tsofaffin littattafai, alhali ko layi ɗaya ba ya iya karantawa a ciki. Ranar da zan tafi makarantar tauhidi, a farkon shekarun 1990, ya ciro shi daga ƙasan akwatinsa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Ungo. Harshen dai ban sani ba, amma Mai maganar na san shi.”

Turancin da na kwaso daga sakandare bai ishe ni shiga wannan littafi ba. A shekarar 1611 aka fara buga shi, harshensa kuwa na dattawa ne. Na yi ta tuntuɓe da kalmomi, amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce “morrow”. Na san “morning”, wato safiya, na kuma san “tomorrow”, wato gobe. Ita kuwa wannan ta tsaya tsakaninsu kamar yaron da ya ɗauko kamannin gidaje biyu, ka rasa inda za ka danganta shi. Da na buɗe littafin waƙoƙin Turanci da muke sujadar safe da shi, sai ga wata 'yar'uwarta gajeruwa, “morn”. Na kai kukana wurin malamin da ke koya mana Helenanci, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna mini hanyar ɗakin karatu, ya ce, “Ɗana, je ka tambayi ƙamus, ya girme ni.” A can, cikin manyan kundayen ƙamusun Oxford masu ƙura, na yini ina bin sawun kalma guda. Abin da na tarar shi nake so in ba ku a nan, domin bayan shekaru masu yawa shi ya riƙe ni a wani dare da ƙafafuna suka kasa ɗaukata.

Kakar waɗannan kalmomi duka ɗaya ce. Kabilun da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna a tsibirin Birtaniya tun ƙarni na 5, waɗanda ake kira Angulo-Sakson, suna da kalmar “morgen”. Ma'anarta safiya. Amma idan mutum ya faɗe ta da dare, ko yana ba da labarin abin da ya biyo bayan wani dare, sai ta ɗauki ma'anar rana mai zuwa, tun da safiyar da ke gaba ai ta ranar da ke gaba ce. Harafin “g” na tsakiyarta da taushi ake furta shi, can cikin maƙogwaro, kuma a ƙarnukan da suka biyo bayan cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066, sai ya narke ya koma “w”, kalmar ta zama “morwen”. Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba: inda Basakkwace ya ce “zamna” da “sabka”, Bakano “zauna” da “sauka” yake cewa. A kowane harshe, baki ya fi son hanya mai laushi.

Daga “morwen” hanya ta rabu biyu. Wasu suka haɗiye tsakiyarta, ya rage “morn”. Wasu suka yar da wutsiyarta, ya rage “morwe”, kamar yadda ake gani a rubuce-rubucen mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400. Ita ce daga baya ta zama “morrow”. Ashe tagwaye ne, uwa ɗaya, ciki ɗaya. Ita kuwa “morning”, wadda yau kowane ɗan firamare ya sani, ƙanwarsu ce. A ƙarni na 13 aka liƙa wa “morwen” ɗafa-ƙeya irin ta “evening”, wato maraice, don su zo daidai a baki. Ƙanwa ta karɓe gida da kasuwa da ofis, yayyen suka koma bakin mawaƙa da masu wa'azi. Mawaƙi yana son “morn” domin gaɓa ɗaya ce tak, tana shiga inda doguwar ba za ta shiga ba, shi ya sa marubuta waƙoƙin sujada na ƙarni na 18 da na 19 suka riƙe ta gam.

Har zamanin Shekspiya “morrow” tana nufin safiya. Mutanen Landan kan gaisa da “good morrow”, kwatankwacin barka da asuba a wurinmu. A hankali ta karkata ga ranar da ke biye, ta zauna a can. Ita kuwa “tomorrow”, a tsohon Turanci kalmomi biyu ce, “to morgenne”, ma'ana “da safe”. Dalili ke nan da a fassarar Sarki James, a Karin Magana 27:1 da sauran wurare, a rabe ake buga ta. Daga baya aka sa mata karan ɗori a tsakiya, sai a ƙarni na 20 ta haɗe ta zama kalma guda. Saboda haka duk Baturen da ya ce “tomorrow”, ko ya sani ko bai sani ba, “da safe” ya ce.

Na zaci wannan halin Turanci ne kaɗai, sai na ga ashe ruwan dare ne. Bajamushe da “morgen” yake faɗin safiya, da ita yake faɗin gobe, har yau ɗin nan. Mai jin Sifaniyanci da “mañana” yake faɗin su biyun. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san “demain”, wadda ta fito daga Latinanci “de mane”, wato daga safiya. A tsohon Larabci “bukra” sassafe ce, amma a bakin mutanen Masar da Sudan ta zama gobe. Helenancin Sabon Alkawari, wanda dattijon nan ke fama ya cusa mana a kai, yana da “aurion”, ita ce kalmar da ke Matiyu 6:34 da Yakubu 4:14 inda fassarar Sarki James ta sa “morrow”, kuma tushenta ɗaya da kalmar ketowar alfijir. Sai da na gama yawon duniya na dawo gida, na saurari bakina, na ji “washegari”. Kunne kaɗai ya isa ya ji gari da washewa a cikinta. Haka kuma idan za mu rabu da dare, mai cewa “sai gobe” da mai cewa “sai da safe” magana ɗaya suka yi, amsarsu kuma ɗaya: Allah ya kai mu.

Maraice ma ya yi irin wannan tafiya, amma da baya. Tsohuwar kalmar “even” ta gajarce ta zama “eve”, ta kuma koma nufin ranar da ke gaban biki, abin da muke kira jajibere. Kalmar maraice ta zama sunan ranar da ta gabata, kalmar safiya ta zama sunan ranar da ke biye, dare yana tsakani kamar kogi mai gaɓa biyu. Mutanen nan da darare suke ƙirga lokaci. Marubucin Rum, Tasitus, ya lura da wannan al'ada ta kabilun Jamus tun wajen shekara ta 98, kuma sawunta yana nan a kalmar “fortnight”, wadda asalinta darare goma sha huɗu ne. Mu ma ai da kwana muke ƙirge. Har jibi sun taɓa yi wa suna, “overmorrow”, wadda ta fito a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Coverdale ta 1535, amma ta mutu ba magaji. A nan kam Bahaushe ya fi Bature arziki, tun da yana da gobe, da jibi, da gata, da citta.

Na fita daga ɗakin karatun nan ina jin kaina malami. Shekara da shekaru wannan sani bai amfane ni da kome ba sai burge matasa a taron nazarin Littafi Mai Tsarki. Yana nan a kaina kamar iri a cikin ƙwarya, ba a shuka ba, ba a ci ba.

Shekara shida da suka wuce likitoci suka gano wani ƙari a jikin matata, suka ce ba makawa sai an yi mata aiki. Aka sa rana. Ranar jajibere matan zumunta suka zo da kwanukan abinci, suka yi waƙa ƙasa-ƙasa, suka yi addu'a, suka watse kafin a rufe ƙofa. Na shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya. Wajen ƙarfe uku na dare idona biyu. Ni da ban san iyakar wa'azin da na yi a kan Matiyu sura 6 ba, ni da na sha dafa kafaɗar mutane ina ce musu kada su damu, sai ga ni zuciyata ta sa ni gaba. Kafin zakara ya yi cara na riga na rasa ta, na zauna karɓar ta'aziyya, na rasa bakin gaya wa autarmu, na lissafa kuɗin makaranta na shekara goma, na tsufa ni kaɗai a ɗakin haya bayan ritaya. Duk wannan jibgegen kaya na ɗaure shi wuri ɗaya, na sa masa suna gobe, na ɗora a ƙirjina.

A cikin wannan hali ne tsofaffin kalmomin nan suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na tuna cewa narkewar “g” da ta haifi “morrow” ita ce ta mai da “sorg” ta zama “sorrow”, baƙin ciki, ta kuma mai da “borgian” ta zama “borrow”, aro ko cin bashi. Ba dangin juna ba ne ta asali, sauti ne kawai ya haɗa su, kuma mawaƙan Ingila sun sha jera su saboda amsa-amo. Amma a kan tabarmar nan na ga su ukun zaune wuri ɗaya. Abin da nake yi ke nan: na tafi wurin ranar da ba a haifa ba tukuna, na ciwo bashin baƙin cikinta, ina biya da barcin yau.

Na kuma tuna wata kalma da ta fi su tsufa a kunne. Angulo-Sakson suna kiran sulusin dare na ƙarshe, dab da asuba, “uhta”. A birnin Eksita na Ingila akwai wani kundin waƙoƙi da aka rubuta da hannu a ƙarni na 10, wanda Bishop Leofric, da ya rasu a 1072, ya bar wa babbar majami'ar garin, kuma yana can har yanzu. A cikinsa akwai waƙar wata mata da aka raba ta da mijinta, tana kwance ido biyu, ba ta san ƙasar da yake ba. Abin da ke cin ta mawaƙin ya kira shi “uhtcearu”, wato damuwar gabanin asuba. Na yi mamaki. Shekara dubu ke nan, a tsibiri mai sanyi da ban taɓa takawa ba, wani ya san wannan ciwo nawa har ya raɗa masa suna. Duk wanda ya taɓa jinya, ko ya kwana da bashi, ko ɗansa ya yi tafiya ba labari, ya san cewa a wannan sa'a ce ƙaramin abu ke zama dutse.

Amma mutanen nan suna da wata kalma daga tushe guda. Bayan da bishara ta kafu a ƙasarsu, 'yan zuhudu kan tashi a wannan sa'a ɗin dai, cikin duhu da sanyi, su rera Zabura, kuma sunan wannan sujada “uhtsang”, waƙar gabanin asuba. Sa'a ɗaya, duhu ɗaya, wani yana juyi a kan shimfiɗa, wani yana tsaye yana yabo. Ni dai ba ni da muryar waƙa a daren nan. Abin da na iya shi ne na tashi zaune, na jingina da bango, na yi ta maimaita Zabura ta 130 a zuci, wadda ke kwatanta mai jiran Ubangiji da masu tsaron dare da ke ɗokin wayewar gari. Mai gadi ba shi ke kawo safiya ba, ba kuma zai iya gaggauta ta ba. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa har ta iso. Ina nan zaune aka kira sallar asuba a wani masallaci kusa da asibitin. Wani dattijo Musulmi da ke jinyar ɗansa ya tashi ya ɗauki buta, ya gan ni, ya ce, “Malam, ba ka runtsa ba? Ka bar wa Mai dare darensa. Gari ya kusa wayewa.”

Gari kuwa ya waye, ga kuma abin da ya zo da shi. Aka miƙo takarda, na sa hannu. Aka rubuta magunguna, na je na sayo. Aka ce a tanadi jini leda biyu, samarin ikkilisiya suka miƙa hannuwansu. Aka ce in riƙe mata zobe da ɗankwali, na riƙe. Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfina. Goben da ta danne ni da dare shekara ashirin ce a dunƙule. Goben da ta iso kuwa safiya ɗaya ce, ɗauke da aikin safiya ɗaya. A nan na gane abin da harsunan mutane suka sani tun kafin a rubuta ƙamus: ba wanda ya taɓa shiga gobe ta wata ƙofa in ba safiya ba, kuma da ka sa ƙafa a ciki sunanta ya koma yau.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fita da mutuncina. Amma ana dab da tura gadonta zuwa ɗakin tiyata, matata ta kamo hannuna ta ce, “Baban yara, ka kira Yaya.” Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan kira shi gobe idan kome ya lafa. Ta dube ni da idon da shekara ashirin da biyar na aure suka koya mini karantawa, ta ce, “Shekara nawa ke nan kana cewa gobe? To, ga goben ta zo.”

Dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa a kan bagade ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, ni da yayana muka saɓa a kan iyakar gona, wani ɗan zirin ƙasa a bakin fadama. Shekara bakwai ba ma haɗuwa sai wurin jana'iza, mu gaisa sama-sama kamar baƙi. A duk tsawon lokacin ina raba Jibin Ubangiji, ina sulhunta ma'aurata, ina koyar da gafara. Ban taɓa cewa ba zan je wurinsa ba. Cewa nake yi gobe. Latinanci yana kiran gobe “cras”, daga nan Turanci ya samo “procrastinate”, wato jan ƙafa da ɗage abu. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a 430, ya kwatanta wannan kalma da kukan hankaka, yana gargaɗin masu jinkirta tuba. Shekara bakwai hankaka yana kuka a bakina ina zaton haƙuri nake yi.

Ku lura, ƙaunatattu, cuta ɗaya ce ta kama ni ta fuska biyu. Da dare na mai da gobe rumbun tsoro, na cika shi da masifun da ba su zo ba. Da rana kuma na mai da ita rumbun ajiya, ina jefa duk abin da ya yi mini nauyi a ciki. Duka biyun sun taso daga zato guda, cewa gobe wani makeken fili ne wanda ba shi da iyaka. Su kuwa manoman Jamus da Holan sun san girmanta. A wurinsu, har da Afirka ta Kudu inda Turawan Holan suka kai kalmar, “morgen” ma'aunin gona ne: gwargwadon abin da mutum da shanun huɗarsa za su nome a safiya guda. Da na tuna wannan, kunya ta rufe ni, domin zirin ƙasar da ya raba ni da ɗan'uwana bai kai noman safiya ɗaya ba.

Na fita bakin ƙofar asibiti na kira shi. Na ce, “Yaya, ni ne. An shiga da ita aiki.” Ya yi shiru har na zaci layin ya katse. Sa'an nan ya ce, “Wane asibiti?” Kafin azahar ya iso, da ƙurar hanya a rigarsa. Ba mu yi maganar gona ba. Muka zauna a benci ɗaya, ya ɓare goro ya ba ni rabi, muka yi ta duban ƙofa ɗaya. Da la'asar aka fito da ita da rai. Ta ɗauki watanni kafin ta miƙe, amma ta miƙe. Maganar gona kuwa bayan girbi muka zauna gaban dattawan gidanmu, aka kashe ta cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba. Shekara uku bayan haka yayana ya kwanta dama. Ni na yi masa addu'ar ƙarshe, hannunsa a cikin nawa. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Da na ƙara wasu 'yan gobe a kan waɗancan, da rabon kabari na bari.

Ba na so kowa ya karanta wannan ya ɗauka cewa kowace safiya da albishir take zuwa. Na tsaya kusa da waɗanda gari ya waye musu da labarin da suke tsoro, kuma ɗan dattijon nan mai buta bai fita daga asibitin da ƙafarsa ba. Alkawarin da muke da shi na guzuri ne. A jeji, Isra'ilawa kowace safiya suke fita tattara manna, kowa gwargwadon cinsa na yini, wanda ya ɓoye saura don gobe kuwa ya tarar ta yi tsutsa, in ban da ranar shida da aka ba su ninki saboda Asabar. Ƙarfin ɗaukar makoki ba a ba da shi tun daren jajibere. Da safiyar makokin yake sauka, kamar raɓa. Na ga gwauraye a ikkilisiyarmu waɗanda da an gaya musu tun farko abin da za su ɗauka, da sun ce ba za su iya ba, ga shi kuwa sun ɗauka, safiya bayan safiya. Littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan kufan Urushalima, shi ne ya shaida cewa jinƙan Ubangiji kowace safiya yake sabuntuwa. A al'adar Angulo-Sakson, ango kan ba amarya kyauta washegarin aure, ana kiranta “morgengifu”, kyautar safiya, kuma ta zama mallakarta ta kanta. Haka nake kallon kowace wayewar gari yanzu: ba ni na saye ta ba, amma da aka ba ni, tawa ce in yi aiki da ita.

Wani zai ce, to, Fasto, mu daina tanadi ke nan? A'a. Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai a Masar, manomi kuma yakan ware iri kafin ya ci sabon gero. Amma ku duba, tanadi aikin yau ne, da hannu ake yin sa, yana da farko yana da ƙarshe. Damuwa kuwa ba ta da hannu. Ba ta taɓa cika mudu ɗaya ba. Ga ma'aunin da nake gwada kaina da shi idan “uhtcearu” ta ziyarce ni, don har yanzu takan zo: abin nan da ya hana ni barci, akwai abin da zan iya yi a kansa idan gari ya waye? In akwai, na rubuta shi, in yi shi da safe, kada ya ƙara kwana. In babu, ba nawa ba ne, na Mai dare ne.

Akwai kalma ta ƙarshe a littafin nan da mahaifina ya ba ni, wadda na fi ƙauna duka: “dayspring”, wato ɓuɓɓugowar rana, kamar yadda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Tana cikin Luka 1:78, a bakin Zakariya mahaifin Yahaya Mai Baftisma, inda yake magana a kan Mai Ceto da ke zuwa. Kalmar Helenancin da ke ƙarƙashinta, “anatole”, fitowar rana ce, ita ce kuma gabas. Wahayin Yahaya ma a surarsa ta ƙarshe ya kira Almasihu da sunan tauraron asuba, wanda Bahaushe ke kira gamzaki. Markus kuma ya ba mu labarin matan da suka yi sammako ranar farko ta mako, suna tafe suna damuwa da wanda zai kawar musu da dutsen bakin kabari. Damuwar gabanin asuba ce suka ɗauko tun daga gida. Da suka isa, suka tarar an riga an yi aikin. Tun daga wannan safiya, Kirista yana da dalilin da ya sa ba ya tsoron gobe, har da babbar goben nan da Bahaushe ke kira gobe kiyama: Wanda zai tarye mu a can, shi ne ya riga mu tashi.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, daren yau idan za ka ce wa iyalinka sai da safe, ka ji abin da bakinka ya faɗa. Safiya ɗaya ka ambata, ita kaɗai kuma za a ba ka. Idan akwai wanda kake bin sa gafara, ko yake bin ka, kada ka sake jefa shi cikin rumbun gobe. Sa sunansa a kan aikin farko na wayewar gari. Sauran kuwa ka sauke su a bakin shimfiɗa, ka kwanta.

Addu'a: Ya Ubangiji, Mai dare da rana, ka gafarta mana bashin baƙin cikin da muke ci daga ranakun da ba ka ba mu ba tukuna, ka kuma gafarta mana alherin da muka ɗage alhali yana hannunmu. Ka tsaya kusa da duk wanda ke kwance ido biyu a wannan dare, a asibiti ko a gida. Ka ba mu guzurin safiya guda, da zuciyar yin aikinta. Ka kai mu goben lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.